Man ƙurajen fuska da zafin Maraɗi: a jefar ko a ci gaba da shafawa?

"Likita, barka da aiki. Ni uwa ce a nan Maraɗi. Ɗiyata shekararta 19, ƙuraje sun cika mata goshi da kumatu tun tana ƴar sha huɗu, kuma duk wanda ya mutu sai ya bar baƙin tabo. Wata biyu ke nan tana shafa wani mai da aka rubuta mata, a jikin kwalin an sa peroxyde de benzoyle 5%. To jiya aka turo mini saƙon murya a WhatsApp, wai manyan likitocin fata na duniya sun yi taro a Amurka sun ce man nan yana kawo kansa. Na ƙwace na ɓoye. Ga shi an sa ranar aurenta nan da wata huɗu, ƙanwar babanta kuma ta kawo wani haɗi daga kasuwa, ta ce kwana bakwai fuska za ta yi sumul. Gaskiya ne abin da aka faɗa a taron? Wanne za mu bi?"

Hajiya, barka kadai. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya nuna mana ranar lafiya. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko da gaske an faɗi haka a taron likitocin fata, ko ɗiyar tamu ta koma shafa man da kika ɓoye, sai kuma matsayin haɗin da gwaggonta ta kawo. Bari in ba ki gajeriyar amsa tukuna don hankalinki ya kwanta. Saƙon da aka turo miki yana da tushe, amma ya sha hannu kafin ya iso wayarki. Man da kika ɓoye magani ne na gaske, abin da ke ɓata shi zafi ne, zafi kuwa a garin nan kin san ba baƙo ba ne. Haɗin gwaggo shi ne nake roƙonki kada ya taɓa fuskarta ko dare ɗaya, har sai an san abin da aka zuba a ciki.

Inda maganar ta samo asali

Ba a zauren taro aka fara ta ba. Ranar 6 ga Maris na 2024 wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Amurka, Valisure, ya sanar da cewa ya kai koke gaban hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, a kan mayukan ƙuraje masu ɗauke da benzoyil feroksid, wato irin wanda ke hannunki. Kwana biyu bayan haka, ranar 8 ga wata, aka buɗe taron shekara-shekara na ƙungiyar likitocin fata ta Amurka a birnin San Diyego. Dubban likitoci suka haɗu wuri ɗaya da zancen a bakinsu, ƴan jarida na binsu da tambaya. A nan labarai biyu suka cakuɗe, har ya zama "likitoci sun yi taro sun ce". Taron bai fitar da wani hukunci na hana man ba.

Abin da ɗakin gwajin ya gano shi ne, feroksid sinadari ne marar haƙuri da zafi. In ya ji wuta yakan tsinke, wani ɓangare nasa ya rikiɗe ya zama benzen. Ba wani ne ya zuba guba a ciki ba, maganin ne da kansa ke narkewa. Benzen kuwa ba abin wasa ba ne, an daɗe da tabbatar da cewa yana kawo kansar jini ga waɗanda suka shafe shekaru suna shaƙarsa, musamman ma'aikatan masana'antu. Yana cikin hayaƙin taba, yana cikin man fetur. Yaron da ke wuni a bakin titi yana ɗura fetur daga jarka zuwa kwalba, wani lokaci har da zuƙa da baki ta tiyo, shi ne wanda ke shan benzen na gaske a garin nan, ba wanda ya taɓa tura saƙon murya a kansa.

Masu gwajin na Valisure sun ajiye mayukan ne a zafin digiri 37, da 50, da 70, suka riƙa aunawa kwana bayan kwana. A wasu, benzen ɗin da ya taru ya ninka iyakar da hukumar FDA ke lamunta sau ɗaruruwa. Hukumar ta yi nata gwajin, ta fitar da sakamako a watan Maris na 2025: cikin kaya iri 95 da ta auna, sama da kashi 90 cikin 100 ko dai ba a ga benzen ba sam, ko an ga ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shida ne aka samu da yawansa ya wuce misali, aka janye wasu rukunoninsu daga kantuna. Hukumar ta ƙara da cewa ko mutum ya shekara da shekaru yana shafa waɗannan kullum, haɗarin kamuwa da kansa ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai. An kuma waiwayi bayanan ɗimbin marasa lafiya da suka yi amfani da feroksid, aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba, ba a ga kansar jini ta fi yawa a cikinsu ba. Har gobe man yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba, a ƙarfin kashi 5 cikin 100, daidai da wanda aka rubuta wa ɗiyarki.

Me ake yi a tarukan nan?

Tun da kin ambaci taro, bari in ɗan buɗe miki labulen, don gaba in an sake turo miki "likitoci sun ce" ki san yadda za ki auna. Tarukan likitocin fata tsofaffi ne. Na duniya baki ɗaya an fara shi a Faris a 1889, yanzu duk shekara huɗu ake yi. Na 2023 a Singafo aka yi, na 2027 an ba birnin Gwadalahara na ƙasar Meziko. Amurkawa na da nasu kowace shekara, Turawan Turai na da nasu, likitocin Faransa kuma kan haɗu a Faris a ƙarshen shekara, wanda da yawa daga cikinmu masu karatun Faransanci muka fi bibiya. A nahiyarmu akwai ƙungiyar likitocin fata ta ƙasashe masu Faransanci, SODAF, akwai asibitin fata na Bamako da ya daɗe yana horar da mutanenmu, akwai cibiyar Moshi ta Tanzaniya. A watan Mayu na 2025 ma babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙudurin da ya ɗauki cututtukan fata a matsayin babbar matsalar lafiyar jama'a, Kwaddibuwa ce ta jagoranci gabatar da shi.

Na halarci irin waɗannan taruka, ƙanana a yankinmu, babba sau ɗaya a Turai. Abin da mutum zai fara cin karo da shi ba zauren lacca ba ne, kasuwa ce: rumfunan kamfanoni jere-jere, fitilu, ƴan mata na miƙa jakunkuna cike da samfurin mai. Kamfanonin nan su ke ɗaukar nauyin kaso mai tsoka na taron, ba kuwa don Allah da Annabi suke yi ba. Ban ce ƙarya ake faɗa ba, ilimi ne mai yawa ake samu, amma maganar taro hawa-hawa ce. Akwai sakamakon da ɗalibi ya manna a allo, wanda ba wanda ya tantance shi sosai. Akwai wanda aka buga a mujallar likitoci bayan masana sun yi masa tankaɗe da rairaya. Sai kuma ƙa'idar aiki, inda kwamiti ke tattara bincike masu yawa ya ce ga abin da ya kamata likita ya yi. Mu na ukun muke bi. Ƙa'idar da ƙungiyar Amurka ta fitar a kan ƙurajen fuska a farkon 2024 ta sa feroksid a sahun gaba, tare da dangin retinoyid na shafawa, wato mayukan da ke buɗe toshewar ƙofofin fata. Bayan hayaniyar benzen ba su cire shi ba, shawarar ajiya suka ƙara: a sa shi a wuri mai sanyi, ko cikin firigo, a zubar da wanda ya sha zafi ko ya tsufa, a sabunta shi duk mako 10 zuwa 12.

Wani abu da ya tsaya mini a rai daga taron Turai: na zauna awa guda ana nuna hotunan masu ƙuraje, na riƙa ƙirga fuskoki irin namu, yatsun hannu ɗaya sun isa. A farar fata kumburi ja yake fitowa, ya washe ya wuce. A tamu baƙi yake bari, kuma yakan yi watanni, wani har shekara. Yawancin ƴan matan da ke zuwa wurina ba ƙurjin ne ya kawo su ba, tabon ne. Ke ma a wasiƙarki tabon kika ambata. Don haka duk abin da aka faɗa can, sai mun sake auna shi da ma'aunin fatarmu da yanayinmu.

A maganar benzen ma haka ne, kuma a nan ne na ɗan saba da wasu abokan aikinmu na ƙasashen sanyi. Sun soki gwajin Valisure da cewa ba wanda ke ajiye mai a digiri 50. A wurinsu gaskiya ne. Mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni kan wuce 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar, balle tiren mai tallar magani da ke yawo cikin rana daga tasha zuwa kasuwa, balle motar da ta ɗauko kaya ta kwana biyu tana jiran a buɗe mata hanya a kan iyaka. Digiri 37 da suka ɗauka matakin gwaji, a wurinmu la'asar ce mai sauƙi. A jikin yawancin kwalayen an rubuta kada a wuce 25. To gargaɗin ya fi shafarmu fiye da waɗanda aka yi shi dominsu, amma abin da yake nema a wurinmu gyaran saye da ajiya ne.

Ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. A sayi man a farmasi ta gaskiya mai sanyaya ɗaki, kada a saya a tebur ko a hannun mai yawo, komai arha. A duba ranar ƙarewarsa. A ɗauki ƙaramin bututu wanda zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku, kada a sayi uku a tara don gudun tsada. In akwai firigo a sa shi a ƙofar, ba a wurin ƙanƙara ba. Ko wuta na ɗaukewa, firigon da ke rufe ya fi ɗaki sanyi. In babu, a sa shi cikin ƴar roba mai murfi a binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, nan ne wuri mafi sanyi a yawancin gidajenmu. Ban da taga, ban da makewayi, ban da jakar hannu da ake yawo da ita, ban da aljihun mota. Kwanan baya wata ɗaliba ta zaro nata daga ƙarƙashin sirdin babur, bututun har ya yi laushi, da na matsa ruwa ne ya fara fitowa kafin man. Wannan na shara ne.

Naki fa? Ya danganta da inda aka saya da inda ya kwana wata biyun nan. In farmasi ce kuma a inuwa yake, ki mayar mata, ta ƙarasa makonnin da suka rage a sayi sabo. In a kan taga ya yi bazara, ko kin ga ya tsinke, ya sake launi ko wari, ki jefar ki sayo wani. Asarar bututu ɗaya ce.

Yadda ake shafa shi

Gaskiyar magana, cutarwar da nake gani daga wannan man a kullum ba benzen ba ce, ƙuna ce ta yawan shafawa. Ƙurji yana farawa ne a ƴar ƙofar gashi. Da balaga ta zo, sinadaran jiki kan sa fata ta ƙara fitar da maiƙo, matacciyar fata ta toshe ƙofar, wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, sai kumburi. Ba ƙazanta ba ce, shi ya sa dirza da soso da sabulun salo sau biyar a rana ba ya ƙara komai sai tabo. Feroksid yana kashe ƙwayar ne ya kuma ɗan buɗe ƙofar, kuma yana da wata falala da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da ita: ƙwayar ba ta sabawa da shi. Saboda haka ne ma ba ma son a shafa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su kilindamisin ko eritoromisin su kaɗai, sai an haɗa da shi.

Amma yana busar da fata. Yarinya ta ga biki ya matso, sai ta lafta shi kamar kwaɓin lalle, safe da dare, fuska ta yi zafi ta fara saɓa, in ta lafa ta bar baƙi-baƙi a kumatu da gefen baki wanda ya fi na ƙurajen muni. An je neman gira an rasa ido. Abin da fuska duka ke bukata bai wuce girman ƙwayar wake ɗaya ba. A ɗiga a goshi, kumatu biyu, haɓa, a baje shi siriri a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, ba kan ƙurjin kaɗai ba, domin aikinsa hana na gobe ne. A kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. An daɗe da gwadawa an ga mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, ƙunarsa kuma ta fi sauƙi, don haka babbar lamba ba ita ce babban magani ba.

Lokacin shafawa a wurinmu alwala ce ke tsara shi. Wadda ta shafa da safe, kafin azahar ta wanke shi. Ta bari sai ta yi alwalar isha, ta yi salla, fuska ta bushe sarai, sannan ta shafa, ta wanke da asuba. Mai farawa ta yi dare ɗaya ta tsallake ɗaya har mako biyu. In yana yi mata zafi, ta bar shi rabin awa ta wanke, a hankali ta riƙa ƙara lokaci. Da hunturu fata ta fi saurin tsagewa, sai a rage, a ƙara da mai laushi marar maiƙo da turare. Basilin da man kaɗe da man kitso masu nauyi, a jiki ba laifi, amma wanda ke gangarowa daga kai zuwa goshi shi ke cika goshin da ƙananan ƙuraje daidai inda ɗankwali ke zama. Tun da kin ce goshi, ki duba wannan.

Ki kuma gargaɗe ta: yana cin launin tufa kamar ruwan jabel. Hijabi mai duhu, tawul, rigar matashi, duk zai yi musu dabbare-dabbare. Ta sa farar riga a matashinta, ta wanke hannu bayan shafawa, kuma kada ta kusanci shaddar lefe da shi. Akwai kuma ƴan kaɗan da jikinsu ba ya karɓarsa sam: fuska ko leɓe su kumbura, jiki ya yi borin jini, numfashi ya yi wuya. Wannan ba na jira ba ne, a daina a tafi asibiti nan take. Ɗiyarki da ta yi wata biyu lafiya, da wuya ta shiga cikin waɗannan.

Sai haƙuri. Ba a fara ganin sauyi kafin mako 6 zuwa 8, ba a yanke hukunci kafin mako 12. Tabo ya fi haka jinkiri, rana kuma tana ƙara masa duhu, matsa ƙurji da farce na ƙara masa zurfi. Makilin, lemun tsami, kanwa, toka, duk na gani a fuskokin mutane, duk ƙuna suke yi. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ake hana yara, bincike bai kama su da laifi ba. In ma akwai abincin da ake zargi, kayan zaƙi ne da lemun kwalba, sai madara ga wasu.

Haɗin gwaggo

Gwaggo ba ƙarya ta yi ba, kwana bakwai fuska za ta yi sumul. Abin da ke sa hakan shi ne matsalar. Ba maganin ƙurajen gaskiya da ke aiki cikin mako guda. Abin da ke yin haka kotizon ne mai ƙarfi, wanda a jikin bututu za ki ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone, galibi a cakuɗe da hidirokinon, sinadarin sa fata fari, wani lokaci har da sinadarin makuri. Kotizon yana danne kumburi, ya matse jijiyoyin jini, ya rage launi. Mako na farko kowa na yabawa. Daga nan fata ta fara sirancewa, ƙuraje sabbi su fito, a ƙara shafawa su lafa, a daina su dawo ninki. Haka mutum ke zama bawan kwalba.

Akwai wata amarya da ba na mantawa da ita, daga wani ƙauye ta hanyar Dakoro. An kawo ta wata bakwai bayan biki. Fuskar ta yi fari fat, wuya da gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Goshi, ƙirji da kafaɗu sun cika da ƙananan ƙuraje, dukansu girma ɗaya kamar an watsa gero, wanda shi ne tambarin ƙurajen kotizon. Na balaga ba sa zuwa girma ɗaya. A damatsanta nankarwa ce mai faɗin yatsa, ga makero ya bazu a cinya saboda garkuwar fatar ta faɗi. Haɗin a kwalbar mayonis yake, rawaya, yana ƙamshin turare, ba suna ba lamba. Da na matsa da tambaya, uwar ta kwance bakin zanenta ta fito da matsattsen bututu guda da mai haɗin ya ba su shaida. Kilobetazol ne. Ƙurajen mun shawo kansu cikin watanni, a hankali muka janye ta daga man, don yanke shi rana ɗaya bayan dogon amfani yana sa fuska ta yi bore. Nankarwar tana nan, ba ta tafiya.

Ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Wanda ke shafe jiki da shi wata da watanni, yana ratsawa cikin jini, ya taɓa hawan jini da sukari. Hidirokinon kuma in an daɗe ana shafawa yakan juye ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu wanda kusan ba shi da magani. Likitocin Dakar da Bamako sun yi shekaru suna rubutu a kan wannan, kuma a tarukan yankinmu da wuya a tashi ba a yi zama a kansa ba. Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015. Mayukan nan masu "aiki uku" da ake sayarwa a kowane kanti don ƙaiƙayi, su ma ki karanta jikinsu, yawanci da kotizon a ciki, ba na fuska ba ne. Tsoron da nake ji shi ne saƙon WhatsApp ya raba yarinya da maganin da haɗarinsa kaɗan ne, ya miƙa ta ga wanda nake ganin ɓarnarsa kowane mako.

Maganar aure

Wata huɗu mako 16 ne ko sama da haka, sun isa a ga canji na gaske. Amma aure na kusa yana sauya lissafina, don amarya na iya samun ciki a watan farko ba ta sani ba. Abokin aikin feroksid da ya fi dacewa shi ne retinoyid, wato adafalen ko tiretinoyin. Su ke buɗe toshewar, suna kuma taimaka wa tabo. Sai dai tun 2018 hukumar magunguna ta Turai ta ce mai ciki da mai neman ciki kada su shafa su. In na ga fuskar tana bukata, nakan ba da adafalen na watannin farko, in tsayar da shi wata guda kafin tarewa, in kuma gaya wa yarinya dalilin a gaban uwarta. Tiretinoyin ba a shafa shi lokaci ɗaya da feroksid, don feroksid ɗin yana kashe masa ƙarfi. Adafalen ba ruwansa. Wadda ke kan ɗayansu kuma kada a yi mata halawa ko dilka mai dirza a fuska, fatar kan biyo hannu. A dakatar da man aƙalla mako guda kafin gyaran jiki.

Feroksid shi kansa ana lamunta da shi ga mai ciki in ba a wuce misali ba. Haka asid azelayik, wanda nake so ƙwarai ga fatarmu don yana taɓa ƙurji yana taɓa tabo, ga shi ba ya cin tufa, ba shi da maganar benzen. In zuciyarki ta ƙi kwanciya da feroksid duk da bayanina, shi ne madadin da zan fara nema, ko da yake ba kowace farmasi ke ajiye shi ba kuma ya fi tsada. Doksisikilin na sha, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana da amfani in ƙurajen manya ne masu ciwo, na wata uku zuwa huɗu, amma ba ya haɗuwa da ciki. Izotiretinoyin na sha kuwa, ɗan'uwan retinoyid mai ƙarfi wanda wasu ke sa a kawo musu daga waje, yana nakasa jariri mummunar nakasa. Kada ya shiga gidanki ta hannun kowa in ba likitan fata ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Hajiya, ban ga fuskar ba, kuma ba kowane ƙurji ne na balaga ba. Akwai ƙurajen zafi, akwai wasu masu ƙaiƙayi a goshi da baya da ke tashi da gumi, waɗanda naman gwari ke kawowa, feroksid ba ya yi musu aiki sosai. In al'adarta na rikicewa, ko gashi na fito mata a haɓa, ko ƙurajen sun fi yawa a muƙamuƙi, to sai an duba cikin jiki, shafe-shafe kaɗai ba zai isa ba. In suna da zurfi suna barin rami, ko a danginku akwai masu tabon da ke tudu ya yi ta girma, kada a jira mako 12, a zo yanzu. Ba ki kuma gaya mini ko wata biyun nan an ga sauƙi ba, wanda shi ne abu na farko da zan tambaya. Bututun da ke hannunki ma ba ni da na'urar auna shi, tarihin ajiyarsa kawai za mu bi.

Ku koma wurin wanda ya rubuta mata man, ko ku nemi ɓangaren fata a babban asibiti. Ta zo da fuska wankakkiya, ba hoda. Ki zuba duk abin da take shafawa a leda ɗaya, sabulu, man jiki, man kitso, bututun da kika ɓoye, da kwalbar gwaggo. In gwaggon za ta yarda, ku taho tare, tun da ita ce za ta tsaya a kan gyaran amarya.